Mun Tsare Takardu, Mun Manta da Yatsa

Mun tashi daga Dogarawa ana idar da sallar asuba, ruwa na sauka ba ƙaƙƙautawa, kwana na biyu ke nan sama ba ta ɗauke ba. Duk wanda ya san ni ya san ko yayyafi ake ba na taɓa makullin mota, don waifa ɗaya ce ke aiki a gilashina, ita ma sai ta ga dama. To amma ranar ba ta zaɓi ba ce. Maƙwabciyata ce za ta zana jarrabawar tantancewa ta shiga jami'a a Samaru da ƙarfe tara na safe, kuma ni da bakina na ce zan kai ta. Maigida ya leƙo ta taga ya tambaye ni yaushe na sayi kwalekwale bai sani ba. Na ce ya yi mana addu'a kawai ya koma ciki.

Bari in gabatar muku da ita, ku san abin da na ɗauko a motar. Shekararta arba'in da uku, Kirista ce, 'yar wani ƙauye a bayan Basawa, kuma ita ke suyar awara a bakin layinmu. Ta gama sakandare tun ina sabuwar malama, sai aure da goyo suka sha gabanta. Sau uku tana zana jarrabawar share fage, sau biyu tana faɗuwa, bana Allah ya sa ta haye. Ni nake yi mata bita da yamma, hannunta ɗaya na juya awara, ɗaya na riƙe da littafi, shi ya sa nake tsokanarta da Ɗaliba, ita kuwa ba ta san ni da wani suna ba sai Malama. Makin da ta ci na bana ne kaɗai, in ta rasa zaman ranar ya tafi ke nan. Kuma ta riga ta faɗa cewa wannan ne gwajinta na ƙarshe, baɗi layin babbar 'yarta ne.

Takardunta kam mun yi musu gata. Silif ɗin jarrabawa, sakamakon sakandare, takardar haihuwa, ta ƙaramar hukuma da hotuna, leda uku muka zuba su, muka ƙulle bakin kowace, ta ɗora a ka ta ɗaure da ɗankwali. In kuka gan ta sai ku ce gammo ta yi za ta ɗauki tulu. Na dube ta na ce, "Ɗaliba, ko mota ta nutse, takardu dai sun tsira." Ba ta yi dariya ba, bakinta na ta motsi, ina jin bitar turanci take.

Daga gidana zuwa Samaru tafiyar minti ashirin da biyar ce in hanya lafiya. Tun a Kwangila na san yau ba haka ba ne. Ƙarƙashin gada ya zama tafki, bas-bas sun jeru a gefe sun kashe inji, 'yan acaɓa sun cure wuri ɗaya suna rawar sanyi. Ɗaya da ya yarda zai je Samaru na ji yana ce wa wata mata dubu uku, ba ragi, matar na tambayarsa ko Kano ta ce masa. Ina tsaye ina shawara da zuciyata sai wani direban tifa, dattijo mai furfura a gemu, ya sauke gilashi ya yi min nuni da hannu in manne masa a baya. Ashe tifa in ta shiga ruwa tana tsaga shi biyu, ta bar wani fili mara zurfi a bayanta na ɗan lokaci. Na lafe a bayansa, hancin motata kusan a ƙarƙashin bodinsa, har muka fita. Ya danna hon sau biyu ya yi hanyar Kano, ko fuskarsa ban gani da kyau ba.

Hanwa ce ta ba ni abin da ba zan manta ba. A wajen gangaren nan ruwa ya shafe komai, kwalta da lambatu sun zama ɗaya, ja wur, yana tafe da robobi da karan masara da takalmin wani bawan Allah. Can gefe ga wata bas ta zurma lambatu ta karkace. Mutanen unguwa da suka fito daga masallaci suka ga haka, shi ne suka shiga ruwan suka jeru, kowa ya tsaya daidai bakin lambatun, dama da hagu, kamar taku goma tsakanin mutum da mutum. Su suka zama alamar hanya. Ruwa har gwiwa, sama na dukansu, ba wanda ya motsa daga inda ya tsaya. Na gane mai facin da ke duba min taya, na gane mai shayin bakin titi, har da wani mai farar kwalar fasto ya naɗe wando ya shiga sahu da lemarsa. Ba wanda ya sa su, ba kuma wanda ya miƙo hannu a ba shi wani abu.

Wani tsoho mai sanda, da alama shi ke ba da umarni, ya matso tagata. "Hajiya, giya ɗaya. Ki bi tsakaninmu. Kada ki ɗaga ƙafa daga totur ko me kika ji, in kika ɗaga ruwa ya shiga salansa, sai dai mu ɗauke ki a ka." Na ce to, Baba. Na sa giya ɗaya na shiga. Jama'a, na sha jin ana cewa mota na iyo, ranar na ji da jikina, sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Ni ina ta Hasbunallahu, Ɗaliba na ta kiran Yesu, ba wadda ta ce wa wata ta rage murya. Mutanen nan kuwa duk wanda muka wuce sai ya buga bodin mota da tafi ya ce, "Haka, haka, ci gaba!" Da muka hau tudu na yi ta taka birki a hankali don ya bushe kamar yadda tsohon ya ƙwala min daga baya.

To, a nan na yi kuskuren da ya kusa cinye mu. Ƙasan motata, gefen mai zaman banza, akwai wata ɓula da na toshe da kwali da shimfiɗar roba tun bara waccan, kullum ina cewa gobe zan kai wa mai walda. Ruwan Hanwa ya ture kwalin ya shigo har idon sawu, ga robar ƙofa ita ma tana yoyo. Sai na miƙa wa Ɗaliba murfin kular abinci da tsumman goge gilashi na ce ta riƙa kwashewa. Ta duƙa ta kama aiki, tana kwasa tana watsawa ta taga, tana matse tsumma, kanta a miƙe don kada ledar ta zame. Ni kuwa har yaba mata nake.

Kafin mu kai Zango muka tarar motoci na juyowa. Wata tirela ce ta mutu a gicciye a tsakiyar ruwa, ba gaba ba baya. Kowa na cewa a bi ta Basawa a ɓulla Hayin Dogo. Muka juya muka bi ayari. Hanyar Basawa ta karɓe mu lafiya da farko, rumfunan matan barikin soja duk a rufe, sai wata mai ƙosai ɗaya tilo da ta kafa kaskonta a barandar wani shago, mutane sun yi mata da'ira. Ba mu yi nisa da bariki ba wani soja ya ɗaga mana hannu. Cikin turancin buroka ya ce kwalbatin gaba ruwa ya hau kansa, shi kansa bai san ko kwalbatin na nan ko ya tafi ba, ba mai wucewa. Na duba agogo, takwas saura kwata. Ɗaliba ta daina kwasar ruwa, ta zuba wa gilashi ido. Da ta yi kuka ma da ya fi min sauƙi.

A gindin wata bishiyar mangwaro akwai wata tsohuwar Bafulatana da ƙwaryar nono a ka, ta rufa da buhu. Ta matso ta tambaya ko Samaru muka nufa, ita ma kasuwa za ta. Na ce, "Inna, ai hanya ta ƙare." Ta dube ni irin kallon da nake yi wa ɗan aji ukun da ya kasa haɗa baƙi. Ta ce hanyar mota ce ta ƙare, ta shanu tana nan. Wai tun kafin a zuba kwalta akwai burtalin da suke kora shanu daga Basawa zuwa bayan Samaru, kuma saniya ba ta son kwari, duk inda burtali ya bi to ƙashin bayan tudu ne. Na ce taɓo fa? Ta ce marmara ce, ba ta riƙe ruwa. Shekara ashirin ina zirga-zirga a yankin nan, ban taɓa sanin akwai wata hanya ba sai wadda gwamnati ta shafa wa baƙi. Na buɗe mata ƙofar baya ta shiga da ƙwaryarta.

Burtalin ya matse, manoma sun ci gefensa da shuka, ganyen masara na sharar gilashi dama da hagu. Amma wallahi kamar yadda ta faɗa, jar tsakuwa ce a ƙasa, ruwa na gangarewa gefe yana barin tsakiya. Daga kan tudun muka hango fadama ta zama kogi guda, gonakin shinkafa ba ko alama sai kan bishiyoyi, wasu awaki sun haye rufin wata rumfa suna ta kuka. Inna na baya tana ba da umarni ba ta ko ɗaga murya: bi hagun ɗorawar nan, kada ki kusanci sunƙurun can, akwai rami. Wuri ɗaya ne ta ce in tsaya, ta sauka ta shiga ruwan da sandarta tana dungurawa, ta tafi ta dawo, sannan ta ce in biyo sawunta.

A ƙarshen wannan kwarin tayar baya ta kama juyawa a wuri ɗaya. Wasu manoma uku da suka fito duba ɓarnar da ruwa ya yi wa shinkafarsu suka zo. Babbansu bai tambayi ko mu su wane ne ba, sai da ya ga leda a kan Ɗaliba ya ce lafiya, na ce jarrabawa za ta a jami'a. Ya sake dubanta, ya ga ba yarinya ba ce. Sai kawai ya zare lauje ya shiga gonar da ke gefe ya sara masara, mai goyo, ɗanya shar, runguma biyu, ya shimfiɗa a ƙarƙashin taya. Na ce, "Malam, mai gonar fa?" Ya ce, "Ni ne." Suka sa kafaɗa, Ɗaliba ma ta fita ta sa tata, mota ta yi tsalle ta fita. Mutumin da ruwa ya gama cinye masa shinkafa, shi ne ya ƙara da masararsa don matar da bai sani ba.

Muka ɓulla Hayin Dogo, muka tsallake layin dogo, sai ga mu a Samaru tara saura minti ashirin. Na sauke Inna a bakin kasuwa. Na ɗauko ɗan abin da ke jakata, ta ture hannuna, ta ce ai ni na kawo ta, da yanzu tana gindin mangwaro nononta na tsami. Ta aza ƙwarya a ka ta shige.

A ƙofar zauren jarrabawa layi bai yi tsawo ba, da yawa ruwa ya tsare su. Aka tsayar da mu masu rakiya a bayan igiya. Ɗaliba ta kwance ɗankwali, ta ɓare leda uku, takardu suka fito a bushe ƙayau, na ji wani alfahari kamar ni na ƙirƙiro leda. Jami'in ya duba ya gyaɗa kai, ya nuna mata na'urar ɗaukar hoton yatsa, wadda sai ta gane mutum ta nuna kore kwamfuta ke buɗe masa. Ta ɗora babban yatsa. Ja. Ta goge a zani ta sake. Ja. Ta ba da na hagu, shi ma ja. Mutumin ya kama hannunta ya juya, ya ce, "Mama, wanki kika yi?" Daga inda nake ina hango yatsun, sun yi fari fat sun yamutse. Awa biyu suna cikin ruwa da tsumma, zanen yatsan duk ya tattare. Ya ce mata cikin ladabi ta koma gefe, in layi ya ƙare zai sake gwadawa, daga nan kuma ba a hannunsa yake ba.

Ta dawo wajen igiya tana kallon hannuwanta. Innalillahi. Duk ruwan Kwangila da na Hanwa bai tsayar da ita ba, sai murfin kular da ni na miƙa mata. Raina ya ɓaci da kaina ƙwarai, na rasa inda zan sa fuskata. 'Yan layi suka yi ta jefo shawara, wannan ya ce, "Momi, ki goga a gashi," waccan ta ce ai netwok ne, a jira. Mutum kusan talatin suka rage, kuma kowa daƙiƙa kaɗan yake yi ya shige.

Wata mai gasa masara ce a ƙarƙashin rumfar kwano kusa da mu, tana jin komai. Ta ce, "Kawo hannun nan, 'yar'uwa." Ta ce ita kafin masara wankau take yi a unguwar ma'aikata, ta san hannun da ya sha ruwa, goga ba ta yi masa komai, ɗumi yake so. Ta ture masararta gefe, ta goge yatsun da bakin zaninta, ta riƙe hannun a saman garwashi, ba kusa ba ba nisa ba, tana juya shi gaba da baya yadda take juya masara, ɗaya hannun na fifita. Masu saye suka zo ta ce su jira. Ni kuwa na zama mai gadin layi, ina leƙawa ina dawowa: saura ashirin, saura goma sha biyu. Ɗaliba na cije leɓe, gumi na keto mata duk da sanyin nan, ba ta janye ba. A hankali fari ya fara komawa ja, fatar ta fara miƙewa. Da ya rage mutum biyu, mai masara ta ce ta shafa yatsan a gefen hancinta ya ɗan sami maiƙo, ta tura ta.

Ban iya kallo ba, ƙasa na duba. Ihun 'yan rakiya ne ya gaya min na'urar ta yi kore. Ɗaliba ko waiwayowa ba ta yi ba, ta shige da ɗankwalinta a hannu. Na zauna a bencin mai masara, na sayi guda biyu, ɗari biyu-biyu, masu zaƙi sabuwar karya, na cinye ban san na ci ba. Wani mutum da ya kawo ɗansa ya tambaye ni ko 'yata ce a ciki. Na ce a'a, ɗalibata ce.

Da azahar ta fito, ruwa ya tsagaita. Na tambaye ta yaya, ta ce ta amsa duka, lissafi ne ya ɗan yi mata gardama. Muka biyo babban titi, an janye tirelar, kwalta duk yashi da shara. A Hanwa mutanen safe sun watse, sai katifu da tabarmi a kan katangu. Na so in tsaya in yi wa tsohon nan godiya, ban san ƙofar da zan buga ba. Sai Ɗaliba ta ce don Allah mu leƙa kasuwar Sabon Gari. Can ma aiki ake, 'yan kasuwa na ta share ruwa daga shaguna da faranti da tsintsiya, ana zagin lambatu da Hausa da Ibo da buroka. Ta sayi tabarmar roba ɗaya da tsintsiyar kwakwa biyu. Na ce me za ki yi da tabarma yau? Ta ce za ta yi amfani.

Da muka iso Dogarawa na ce bari in kai ta har ƙofa, don ɗakinta na can ƙarshen layi wajen gangare. Yaranta na ƙauye hutu, mijinta direban babbar mota ne yana hanyar Legas, ba kowa a gidan. Ta buɗe ƙofa, wari ya buge ni. Ruwa ya shiga ya fita, ya bar zanensa a bango daidai ƙuguna. Katifa ta jiƙe ta zame ƙasa, buhunan waken suya biyu, jarinta kaf, sun kumbura sun fashe, tukwane sun kife a taɓo, kayan sawa babu na ɗauka. Littattafanta kaɗai na hango a saman kwaba, a jere. Na ce, "Wayyo Ɗaliba, muna can ashe abin da ake yi ke nan!" Ta ce, "Na sani, Malama. Lokacin da na fito ya riga ya kai min idon sawu."

Na ce, "Kika yi shiru? Gida biyar tsakaninmu, da maigida, da maƙwabta, ai da mun kwashe waken nan!"

Ta jingine tabarmar a bango ta ce, "Na san ki. Da kin ce minti goma. Kuma ba zai tsaya a goma ba."

Gaskiya ta faɗa. Da na sani da na tsaya, da kuma mun sami layin jarrabawar nan a rufe.

Tafiyar da ba ta kai ta kasuwar ƙauye nisa ba ta koya min cewa ban san garin da nake zaune ba, ban san tudunsa da kwarinsa ba, ban kuma san irin mutanen da ke cikinsa ba sai da ruwa ya fito da su. Mota ta je wajen mai walda, wannan karon da gaske. Sakamako bai fito ba tukuna, ku sa ta a addu'a, kowa ta yadda ya iya. Amma abin da ya fi tsaya min shi ne wannan: shekara ashirin da bakwai ina tsayawa gaban allo ina gaya wa yara karatu ya fi komai, ban taɓa ganin wanda ya ɗauki maganar da gaske har ya ja ƙofa ya bar ruwa na cin ɗakinsa ba sai ranar. Kunya ta kama ni, ga kuma daɗi, na rasa wanda zan ji. Na zauna a kan jiƙaƙƙiyar katifar nan na yi kukana sosai, ita ce ma ta ajiye tsintsiya ta zo tana ba ni haƙuri.